Nauyin Ƙwai Huɗu

Ƙanena ɗan judo ne, ko in ce ya taɓa zama. A wurin aikin ɗamara ya koyo wannan kokawa ta masu fararen riguna, har aka zaɓe shi ya wakilci ƙasa a wata babbar gasa a ƙetare. Shekarunsa sun riga sun ja a lokacin, duk mun san babu ta biyu.

Saura kwana biyar a fara gasar ya zo Mafara sallama. Da na gan shi a tasha, wuya ya zama tsinke, idanu sun zurma. A hanyar gida ya yi mini bayani. A judo, maza da mata, kowa da ajin nauyinsa, kuma ana gobe wasa ake ɗora mutum a sikeli. In ka haura ajinka ko da ƙiris ne, ko tabarmar wasan ba za ka taka ba. Wata biyu ya yi yana horar da cikinsa kafin ya sauko daidai.

Na ji, kuma na gane sarai. Wannan ne ya hana ni sakat har yau.

Mahaifiyarmu ba ta bari an gama gaisuwa ba. "Kai, mi as same ka? Yunwa suka ba ku can?" Nan take ta dama fura da nonon da aka aiko mata daga Damaga, ta cika ƙwarya ta dire a gabansa. Ya ɗago ya dube ni, ni da nake babba, ni da Inna take jin maganata. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Sha mana, Inna ce fa." Tsoron hawayenta nake yi, ba wani abu ba.

Washegari na goya shi a babur muka zaga dangi neman albarka. Kawu a Morai, gwaggo a Bakura, gidan kakanninmu a Maradun. Ko'ina tuwon shinkafa na jira, ko'ina magana ɗaya ce: "Kac ci na wance, nawa na za ka ƙi?" Loma uku-uku yake yi don kunya. To, loma uku a gida bakwai ai tuwo ne.

Da muka dawo ya ce in tsaya wurin masu awon shinkafa. Ya tuɓe takalmi ya hau sikelin buhu, mutane suna ta dariya, wani yana tambaya nawa za a sayar. Ya sauko bai yi dariya ba. Kilo biyu ya ƙaru. Da yamma ya naɗe jikinsa da leda, ya ɗora rigar sanyi don ya zubar da gumi, ya kama gudu a bakin gonaki, amma jikin da aka riga aka matse ba shi da sauran abin bayarwa.

Ranar awo ya kira ni daga can. Muryarsa a shaƙe.

"Yaya, na haura. Abin da bai wuce nauyin ƙwai huɗu ba."

Sai ya ƙara da cewa:

"Kada ka hwaɗa ma Inna."

A cikin 'yan kallo ya zauna har aka tashi, farar rigarsa a ninke cikin jaka. Inna kuwa muka ce mata an kayar da shi a karon farko. Ta ce haka Allah ya so. Shi ma daga nan bai sake ɗaura rigar ba, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Daminar bara ciwon Inna ya tsananta, muka taru a ɗakinta. Bayan la'asar ta kama tsintsiyar hannunsa tana lalubawa, kamar mai duba ko ya yi ƙiba.

"Ni na san abin da yas sa aka kada kai," ta ce. "Rama ta. Kwana biyu ɗai kay yi, ban samu na ciyad da kai yadda ya kamata ba. Shekarun ga duk abin shina cina. Ka yahe mani."

Sai ya ce, "Babu komi, Inna. Hurarki ma ita tar riƙe ni."

Ya ɗago ya dube ni. Na sake sunkuyar da kai.