Zallajar da Malam Jibirilla Ya Ƙi Haɗawa

Idan an idar da sallar asuba a masallacin layinsu da ke unguwar Manfuha a birnin Riyad, Malam Jibirilla Moussa yakan koma gidan da suke haya su biyar, ya dafa shayi a ƙaramar buta, ya sha kofi biyu a tsaye. Ƙarfe takwas yana bakin titi yana jiran motar da za ta kai shi unguwar Ulayya. A can, a bayan wani kanti mai sayar da kayan wasanni, akwai ɗaki marar taga wanda tsawonsa bai wuce taku shida ba. A ciki akwai benci, da magagari iri uku, da sukundireba, da wani tsohon dutsen guga wanda bai taɓa ganin riga ba, kaki kawai yake narkarwa. Shekara ashirin da uku ke nan yana shiga ɗakin nan. Wata tara na kowace shekara kekuna yake gyarawa. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu kuwa, aikinsa zallaja.

Ga wanda bai sani ba, kuma ba abin kunya ba ne, domin ni ma sai da na yi furfura na sani: zallaja ita ce allunan nan biyu, dogaye, sirara, da ake maƙala wa takalmi a gangaro da su daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara. Mai karatu zai ce, ina dusar ƙanƙara a Riyad? Babu. Amma akwai jirgin sama, akwai kuma iyalai, na 'yan ƙasa da na Unguwar Ofisoshin Jakadanci, waɗanda idan hunturu ya kama sukan tafi ƙasashen duwatsu su nemi sanyi da gangan. Da yawansu sun fi son su tafi da kayansu. Su ne masu zuwa wurin Malam Jibirilla, mutumin Mirriya ta ƙasar Damagaram, wanda bai taɓa taka dutsen da ƙanƙara ta rufe ba.

Wannan shi ya fara ɗaure mini kai. A aikin akawu na saba da mutanen da ke sa hannu a kan abin da ba su gani ba. Ba sabon abu ba ne. Amma mutum ya riƙa yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, hukuncin kuma ya riƙa fitowa daidai, wannan ban taɓa cin karo da shi a fayil ba. Don haka bayan na ajiye aiki na nemi ya bar ni in riƙa zama a gefen bencinsa, ya kuwa yarda, bisa sharaɗin kada in taɓa komai.

Yawancin masu zuwa zallaja ɗaya suke so, wadda za a shiga ko'ina a dutse da ita, inda aka daddaɓe ƙanƙarar da inda take tuli da laushi. In ƙato ne mai jiki, zaɓin ba wuya. Inda aikin yake shi ne mace marar nauyi. Ga yadda ya yi mini bayani: zallaja ba ta juyawa sai an lanƙwasa ta, kuma nauyin jiki ke lanƙwasa ta. In aka ba 'yar siririya mai tauri, ba ita ke tuƙi ba, zallajar ce ke kai ta inda ta ga dama. Saboda haka yakan nema mata mai laushi, marar nauyi, mai matsakaicin faɗi, wadda in an tsayar da ita tsawonta zai tsaya tsakanin haɓa da hanci. Sai mariƙin takalmi, wanda ke da sifirin a ciki. Ana ɗaure shi gwargwadon nauyin mai hawa, domin in ta faɗi ya saki ƙafarta. In ya yi tsauri bai saki ba, zallaja ta yi gabas, jiki ya yi yamma, gwiwa ce ke tsakani.

To, komai ya rataya a kan nauyi, kuma a garin nan namiji baƙo ba ya duban mace ya ce mata kilo nawa ce. Abaya ba ta taimakon mai ƙiyasi. In ma an yi tambayar, miji ko uba ke amsawa, su kuwa amsarsu ba ta nauyi ba ce, ta martabar gida ce. Sai Malam Jibirilla ya rataya labule a kusurwar kanti, ya ajiye sikeli a baya, da biro da 'yar takarda. Mace ta shiga ita kaɗai, ta hau, ta rubuta, ta ninke, ta miƙo. Shi ya karanta, ya ɗaure sifirin, ya yayyaga takardar a gabanta. A iya sanina ita kaɗai ce takarda a Riyad da ake halakawa a ranar da amfaninta ya ƙare.

Bayan wannan akwai gwaji na biyu, wanda ba ya cikin abin da Baturen da ya koya masa aikin ya koya masa. Yakan miƙa wa macen zallajar ya ce ta saɓa a kafaɗa, ta kai bakin ƙofa ta dawo. Na tambaye shi inda ya samo wannan.

"Wurin tsohona," in ji shi. "Masassaƙi ne. Bai taɓa sayar da taɓarya ba sai ya ga matar da za ta yi daka ta ɗaga ta. Maza kuwa kullum babbar suke nunawa, don maƙwabta su ji ƙarar daka su san gidan akwai hatsi. Wa ke kwana da ciwon kafaɗa? Akawu, maza ba su sake ba. Taɓaryar ce ta sake."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a Disambar 2014, kafin in fara zama wurinsa. Na ji shi daga bakin Saidou, direba, wanda yake gida ɗaya da Malam Jibirilla, kuma yana tsaye aka yi. Maigidan Saidou, Alhaji Abdussalam, ɗan kasuwa ne da ya daɗe a garin nan, kuma aminin mai kantin, wato kafilin Malam Jibirilla, mutumin da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ke hannunsa. Alhaji ya zo da 'yarsa Mubina, wadda ta gama karatun harhaɗa magunguna, za a kai ta dutse tukuici. 'Yar firit ce, haihuwar Riyad, Larabcinta ya fi Hausarta gudu.

Alhaji ya nuna wata baƙar zallaja da ke jikin taga, doguwa, irin ta masu tsere, wadda ta fi kowace tsada.

"Waccan za a sauko mana da ita."

"Wa zai hau, Alhaji?"

"'Yata."

"Allah ya raya ta. Amma waccan ta ɗara ta tsawo da taƙi guda, kuma don ƙato mai nauyin buhun gero aka yi ta."

"Na tambaye ka tarihinta? Kai dai ka haɗa."

"Baba, halli, bar shi ya auna ni mana," in ji Mubina. "Ma fi mushkila, ba matsala."

Ta shiga bayan labule, ta rubuto. Na taɓa tambayarsa lambar da ta rubuta, ya dube ni ya ce ai ya yaga takardar. Ya miƙa mata baƙar zallaja, ta saɓa. Ba ta kai rabin kanti ba wutsiyar ta fara jan ƙasa.

"Ai ba dako za ta je yi ba," in ji Alhaji. "Akwai masu ɗauka a can."

"Akwai masu ɗauka, ranka ya daɗe. Masu juya mata ne babu."

"Wai kai ka ma taɓa ganin ƙanƙarar?"

"Ta cikin firji, Alhaji. Amma na ga gwiwoyin da suka dawo daga can."

Nan mudir, wato manajan kantin, ya fito ya ja Malam Jibirilla gefe. Ya tuna masa cewa iƙamarsa za ta ƙare a watan Afrilu, kuma mutumin da yake yi wa gardama da kafilinsa suke shan gahawa. "Ka haɗa, ya Jibril, halas, magana ta ƙare. In ba haka ba, huruj." Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san kalmar: hatimin fita, wanda ba a dawowa bayansa. A lokacin Malam Jibirilla yana da shekara hamsin da biyar. A Mirriya akwai matarsa Hansai, da 'ya'ya huɗu, da tsohuwarsa, duk a kan wannan benci suke ci.

Saidou ya ce ya yi masa magana ƙasa-ƙasa: "Kai Jibirilla, 'yarka ce? Ɗaura musu abinsu mu tafi." Malam Jibirilla ya ajiye sukundireba a kan benci, ya daidaita ta kusa da magagari kamar wanda ya tashi aiki. Sannan ya yagi takarda, ya rubuta tsawon da ya dace, da laushin, da lambar sifirin, ya danƙa wa Saidou. "Ka ba yarinyar. Duk inda aka je, ta nuna."

Wani ma'aikaci ya haɗa baƙar zallaja. Washegari aka tura Malam Jibirilla mustauda, ma'ajiyar kayan kantin da ke bayan gari, ɗaukar kwalaye, kafin a yanke shawara a kansa. Mako goma sha ɗaya ya yi a can. Saidou ne ke shafa masa man zafi a baya in ya dawo, yana shafawa yana yi masa tsiya: "Sannu, sarkin ƙanƙara. Ga dutse ka samu, na kwali." Shi kuwa Malam Jibirilla ya riga ya sayi igiyar ɗaure kayan komawa gida.

Abin da ya faru a dutse Mubina ce ta faɗa, a mota, ranar da Saidou ya ɗauko su daga filin jirgi. Malamar da aka ɗauka ta koya mata ta dubi zallajar, ta dubi ɗalibar, ta ce ba za ta hau da ita a kan wannan ba. Mubina ta ciro takardar nan. Malamar ta karanta, ta shiga rumfar haya, ta fito da zallaja daidai da abin da aka rubuta, ba ta sauya ko lamba ɗaya ba. Ta tambaya a wane dutse mai rubutun yake aiki. Mubina ta ce, Riyad. Ta sha faɗuwa a kwana goman da suka yi a can, in ji ta, kuma kowace faɗuwa mariƙin ya saki. Baƙar zallaja ta dawo a cikin jakarta ko ƙwarzane babu, ta ga duniya ba ta ga ƙanƙara ba.

Alhaji bai ba da haƙuri ba, kada mai karatu ya sa rai. Sai da makonni suka wuce, ƙawayen Mubina suka fara zuwa kanti suna tambayar mutumin da ke da labule, sannan ya buga wa amininsa waya ya ce, "Wai ina ɗan taurin kan nan naka?" Aka sabunta iƙamar saura kwana goma sha tara ta mutu. Babu inda aka rubuta cewa shi ke da gaskiya. An dai ce ya koma bencinsa.

Malam Jibirilla, kai ne ka tsaya wa gwiwar 'yar da ba ka haifa ba, a gaban uban da ya haife ta. Kai ne ka san abin da za ka rasa, ka ƙidaya bakunan da ke jiranka a gida, ka kuma ajiye ƙarfen. Ɗan masassaƙi, mai duban hannu kafin ya miƙa taɓarya. Matan da ka zaɓa wa zallaja yawancinsu ba su san sunanka ba. Sun dai san sun tafi da ƙafa biyu sun dawo da ƙafa biyu, abin da ba wanda ke yin walima dominsa.

Akwai tambayar da ta daɗe tana cina, na yi masa ita a makon jiya. Na ce, da malamar nan ba ta ƙi ba fa? Da yarinyar ta hau baƙar ta sauko lafiya, kai kuma aka buga maka huruj, ashe ka yi asara a banza?

Ya ci gaba da goga kaki, bai ɗago ba. "Ni ban san da wata malama ba, Akawu. Ban kuma san za ta karye ba. Abin da na sani, in ta karye, hannuna ne ya ɗaure. Mirriya da yunwa na san yadda ake zamanta. Mirriya da ƙafar yarinya a wuyana ban san yadda ake zamanta ba."

A ƙarshen watan nan Malam Jibirilla zai tafi gida. An buga masa huruj ɗin, amma shi ya nema, da bakinsa, a ranar da ya zaɓa. A madadin waɗanda suka sani da waɗanda ba za su taɓa sani ba, mun gode. Allah ya huta gajiya, ya sada ka da Hansai da yara lafiya, ya sa bayan nan ya daina ciwo.

Mu kuma da muka rage, a gareji, da ɗakin magani, da kicin, da bayan tebur, kowannenmu akwai ranar da wani mai iko da zamanmu zai tsaya a kansa ya ce ɗaura, alhali mun san abin da ɗaurin zai karya. Ba na cewa kowa zai dawo bencinsa. Na ga waɗanda ba su dawo ba. Ina dai shaida cewa wani mutumin Mirriya ya ƙi ɗaurawa, yana da baki shida a bayansa, ya kuma ajiye sukundireba.