Yatsan Lantana Mai Tukwane

Gwaggona Lantana ta zo Dogon Dutsi daga Sukukutane da tukwane uku a ka. Shekara sha biyu tana ginin tukunya a gidajen aro, duk damina a tashe ta saboda hayaƙi. Ranar da Maikano tela ya yarda ya sayar mata da gidansa, rawa ta yi a tsakiyar kasuwa, ba kiɗa ba komai.

A zamanin Nasara ciniki ba ya ƙarewa a baki. Mai unguwa ya zagaya katanga, Liman Isa ya shaida, sannan suka rankaya biron kwamanda, ofishin Baturen mulki. Magatakarda ya rubuta, ya liƙa tambur, kan sarkin gwamnati, Maikano ya dangwala yatsa. Gwaggo ta danna nata da ƙarfin mai kwaɓa yumɓu. Baƙin tabo kawai ya fito, sumul, ba zane ko ɗaya. Na hagu ma haka. Yumɓu ya cinye zanen yatsunta.

"Wanga ba yatsa ba ne, ɗuwawun tulu ne," in ji magatakarda. Sai an sake takarda, su dangwala tare. Ga shi ranar Juma'a Maikano zai hau motar Kumasi, ɗan'uwansa kuwa ya sa wa gidan ido.

"Mi za ni yi?" ta tambaya.

"Ki daina aiki," in ji magatakarda.

Tab! Matar da tun tana 'yar shekara bakwai hannunta bai zauna ba. Kwana biyar ta yi da yatsu cikin man kaɗanya, a naɗe da tsumma, tana faɗa da kowa har kaji. Maƙwabta na ba ta fura a baki. Kullum da safe sai ta kwance tsumman, ta ɗaga yatsa ga rana, ta yi tsaki.

Ranar Juma'a mota na ta kuka a tasha, Maikano ƙafa ɗaya a wajen biro, ya dangwala, ta dangwala. Magatakarda ya kai takardar bakin taga, ya daɗe yana dubawa. "Ya hito," ya ce. Guɗar da ta yi har kwamanda sai da ya leƙo.

Ni na gaji takardar, zanen da ƙyar ake ganinsa, kuma duk na buɗe ta sai na ji ƙwalla. Ita kam ran nan tana isa gida ta kwaɓa yumɓu, ta manna tafinta duka a bangon zaure.

"Wancan na Nasara ne," ta ce. "Ga nawa."