Ashe Ba Ramar Takaba Ba Ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ce dai Hadiza ta Gwaram, mai ɗora muku hoton alkaki da dambun nama. Na san na ɓace muku. Waɗanda suka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni. Akwai lokacin da yatsuna ba sa iya riƙe waya.

Ga waɗanda ba su sani ba, na daɗe da ciwon suga, ga ƙiba, har salla sai a kan kujera. Shekara biyu da suka wuce maigidana Malam Sa'idu ya sayar da gonarsa ta Zandam, ya kai ni Abuja aka yi min aikin rage tumbi. Suga ya kwanta, na daina allura. Ranar da na fara hawa bayan babur ɗinsa bayan na rame, sai ya waiwayo ya ce, "Hadiza, kina nan kuwa, ko na yar da ke a hanya?"

Bayan aikin an rubuta min wasu ƙwayoyi. Shi yake sayo su a Kano, shi yake miƙo min kowace safiya yana cewa, "Ga alewarki." Ban taɓa tambayar sunansu ba. A zatona ragowar maganin suga ne.

Sai Allah ya karɓi abinsa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa.

Na shiga takaba. Ƙwayoyin suka ƙare. Na auna suga na ga lafiya lau, na ce to shi ke nan.

Gajiya ce ta fara. Sai gashi ya riƙa bin mataji. Harshena ya yi ja sumul, ko ɗan yaji ba na iya taɓawa. Sai kwaɗayin farar ƙasa kamar mai ciki, ni da jika! Daga nan ƙafafu, kamar kiyashi na yawo a cikinsu. Takalmi ya fice a tsakar gida, ni ina ta tafiyata ban sani ba.

Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta dube ni ta ce, "Allah sarki, jimami ne." Mahaifiyata Inna ta ce, "Haka na koma lokacin babanku. Kina fita takaba zai wuce." Wata maƙwabciya har yabona ta yi, wai a zo a ga mai son miji.

Ni ma na yarda. Mutumin da ya sayar da gona dominki, ai ramar ba ta yi yawa ba.

Ranar da na tsuguna alwala na kasa tashi, 'yata Zainab ta taho daga Birnin Kudu inda take aure. Ta dubi ƙafafuna ta ce, "Umma, jimami ba ya cire wa mutum takalmi. Asibiti za mu."

Inna ta ce, "Ke Zainabu, mai takaba ce fa! Me mutane za su ce?"

Zainab ta kira limamin unguwa a waya, ta buɗe murya kowa ya ji. Ya ce, "Inna, lalura ce. Ku kai ta yanzu. Takaba ba ta hana neman lafiya."

Inna ce ta fara ɗauko mayafi.

A asibiti aka yanki kati, aka ɗebi jini. Wani gwajin sai da aka aika Kano, kuma da tsada, ƙannen Malam ne suka haɗa. Likita ya ɗora wani ƙarfe mai rawa a babban yatsan ƙafata, ya ce, "Hajiya, kin ji?"

Ban ji komai ba. A nan tsoro ya kama ni.

Na ce, "Likita, zan sake tafiya?"

Ya ce, "Za mu yi ƙoƙari. Jijiya idan ta daɗe da yunwa, ba kullum take dawowa ba. Ina bitamin ɗin da aka ce ki riƙa sha bayan aiki?"

Na ce, "Sun ƙare tare da mai ba ni."

Sai ya yi min bayani a hankali. Ƙaramin tumbin nan ba ya tatsar amfanin abinci kamar da. Jinina ya yi ƙasa, sinadarin ƙarfe ya ƙare, ga ƙarancin wani bitamin B12 da jijiya ke rayuwa da shi. Ya ce maganin sugan da na daɗe ina sha a baya ma yana rage shi. Ashe alewar Malam ba ta suga ba ce, kuma ba a daina ta har abada.

Aka kwantar da ni. Aka ɗaura min wani ruwa mai kalar shayi, ga allurai. Na ce wa nas, "Na gudu daga allurar suga, ga shi kin biyo ni da ƙanwarta." Ta ce, "Hajiya, juya dai."

A gida na ƙarasa takabata. Na fara da dafa bango, na koma sanda. Inna ta zama 'yar sandan hanta da ƙwai da wake, sai ta ga ƙasan kwano take tashi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Zainab, da Inna, da ƙannen Malam, da ma'aikatan da suka yi haƙuri da surutuna. Allah ya saka muku da aljanna.

Wanda aka yi wa aikin nan, suga ya sauka ba yana nufin an gama ba. Ka san sunan maganinka da bakinka, ka sha, ka riƙa zuwa gwajin jini. Masu zuwa gaisuwa kuma, in kun ga mai takaba tana lalacewa, ku yi mata addu'a, ku kuma tambaye ta yaushe rabonta da likita.

Jiya na fita shanya a bayan gidanmu ba takalmi, ƙaya ta soke ni a tafin ƙafa. Na ƙwalla ƙara. Inna ta fito da gudu, ta tarar da ni zaune a ƙasa, riƙe da ƙafa, ina dariya hawaye na zuba.

Ta ce, "Lafiyarki kuwa?"

Na ce, "Inna, zafi! Wallahi na ji zafi!"