Maɓallin Uwar Kati

A ƙaramin asibitin unguwa ba mai kiranta da sunan yanka. Uwar Kati ake ce mata, don shekara ashirin da shida ke nan tana bayan taga ɗaya tana rubuta katin rigakafin yara. Jariran da ta fara yi wa kati, yau su ke kawo nasu. Ga faɗa ga ban dariya, taurin kai kuwa sai dai a bar mata kayanta.

Da aka kawo kwamfuta an zaci za ta gudu. Ina! Ta ƙware a manhajar jadawali, har aka ƙara mata wani maɓalli a can ƙarshen layin sama. Da ta danna shi sai ya tsamo sunayen yaran da allurarsu ta zo a makon, ta bi iyayen da waya.

Wata Litinin ta nemi maɓallin sama ko ƙasa ta rasa. Ta kashe ta kunna, ta goge gilashin kwamfutar da bakin mayafi, ta ma yi wa injin tsawa. Akwai abin da ta daɗe tana ɓoyewa: idonta ya fara dishi-dishi, tana tsoron a gane a ce ta je gida ta huta. In ta kai ƙara ofis, zuwa za a yi a tsaya a kanta. Sai ta kira autarsu, malamar kwamfuta a sakandare.

Auta ta ja kujera ta buɗe jerin abubuwan da aka ƙara wa manhajar. Maɓallin yana nan, ba a kashe shi ba. Ta ja baya ta ƙare wa fuskar kwamfutar kallo.

"Yaya, wa ya kumbura rubutun nan? Kowane harafi kamar kan akuya!"

"Ɗan kaɗan na ƙara masa ran Juma'a."

"To ai ke kika kore shi! Layin ya cika, na ƙarshe ya rasa wurin zama, ya shige bayan 'yar kibiyar nan."

Ta rage girman, sai ga maɓalli ya fito. Amma Uwar Kati ba ta yi murna ba.

"In kin rage, ba na gani," ta ce a hankali. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Auta ta cire tabaraunta ta maƙala mata. "Ba a sallamar mutum don tabarau, Yaya. Likitan naku ma da shi yake yawo."

Uwar Kati ta danna. Sunaye goma sha bakwai suka fito tar, ta karanta su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, daɗi ya cika ta. Sannan ta juyo ta dubi ƙanwarta, ta dafe ƙirji.

"Auta! Yaushe kika yi furfura haka?"

"Shekara uku ke nan. Ke kaɗai ke ce mini ban canza ba."

Suka yi ta dariya har matan da ke kan layi suka leƙo ta taga. Uwar Kati ta share hawaye ta ƙasan tabaraun, ta jawo waya.

"Je ki aikinki da lalube," ta ce. "Tabaraun nan sai an tashi aiki."