Littafin Yaya Bukar da dariyar Falmata

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bukar, tela a unguwar Bulabulin. Da aka raba kayansa, ni wani ɗan littafin Turanci mai taurin bango na roƙa, duk da a aji huɗu na bar makaranta.

Wurin wani Ibo mai kasa tsofaffin littattafai ya saye shi, bangon har ya koɗe. In ɗinki ya yi sauƙi da la'asar sai ya buɗe yana juya mini da Hausa, in abin ya kai masa ya zarce da Kanuri. Labarin wasu shugabanni ne masu kafa doka su fara karya ta. Shekarun tsoro ne, ana ta rikici a garin, amma a shagon nan na yi dariya har da hawaye.

Wata rana wani mai sayar da ruwa ya zame da garwarsa a gaban shagon, na tuntsire da dariya. Yaya ya rufe littafin. Ya kira sunana ya ce, "Yagana, wanda ya rubuta wannan bai taɓa yi wa na ƙasa dariya ba." Na daɗe ina roƙo kafin ya sake buɗewa.

Makon jiya aka koro 'yata Falmata daga makaranta, wai tana kwaikwayon mutane 'yan aji suna shewa, in ta sake ba za ta dawo ba. Hankalina ya tashi. Ni da ban samu karatu ba, ita ma ta rasa? Maƙwabciyata ta ce in zane ta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Har na ɗauko tsumagiya, sai na tambayi kaina, da Yaya na nan me zai fara yi? Tambaya zai yi.

"Wa kika kwaikwaya? Maigadin nan mai ɗingishi?"

"Haba Mama, Baba maigadi? Malam ne. Ya duke mu kan latti, shi kuwa sai bayan tara yake shigowa yana goge baki."

Ta tashi ta gwada mini tafiyarsa. Na shige ɗaki na toshe baki da mayafi.

Washegari na kai ta ta durƙusa ta ba Malam haƙuri, don malami malami ne, kuma karatun nan nake so. Har yau ina tsoron a sake koro ta. Amma tsumagiyar ban taɓa ta da ita ba, Yaya ne ya riƙe hannuna.

Yaya bai bar gadon gida ba, keken ɗinkin ma an sayar. Abin da ya bari shi ne sanin wanda ake yi wa dariya da wanda ake miƙa wa hannu, na kuma gode. Allah ya kai haske kabarinsa. Littafin yanzu yana hannun Falmata. Tana ta fama da shafin farko, ni kuwa ina jiran ranar da za ta juya mini shi da Hausa.