Muryar da Na Ara wa Bitrus

Ni ɗan gidan masu bi ne. Mahaifina manomin citta ne a wani ƙauye kan hanyar Samaru Kataf, mahaifiyata kuwa ba ta fashin zumuntar mata. Ina cikin mawaƙan majami'armu, kuma Allah ya ba ni iya kwaikwayon murya. In na kwaikwayi tarin Fasto, har matarsa sai ta waiwaya. Wannan baiwa ce na ɗauka na yi ɓarna da ita, shi ya sa nake so ku matasa ku karanta labarina da natsuwa.

Bayan yaƙin basasa na guje wa gona na tafi Kafanchan. A can na haɗu da Baba Ishaya, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya sayi wata tsohuwar majigi yana yawon ƙauyuka da ita. Fim ɗaya tak gare shi, na wani kurkuku da fatalwa ta addaba. Fim ne na arha ƙwarai. Fatalwar wani ƙato ne da aka lulluɓa wa zanen gado aka shafe masa fuska da gari, har takalminsa ana hangowa. Ga shi sautin ya mutu tuntuni. Aikina shi ne in laɓe bayan farin ƙyallen, in ja sarƙar keke a kan kwano, in sa baki cikin tulu in yi nishi. Ni dariya nake ƙunshewa, amma manyan maza sukan ƙi komawa gida su kaɗai.

Duk lokacin da fatalwar ta fito, 'yan kallo sukan watse su bar kayansu. Da satar tocila na fara, sai mayafi, sai rediyon wani malamin makaranta. Ranar da Baba Ishaya ya gane, bai zage ni ba. Ya miƙa mini jakata ya ce ba zai ci abincin mutane da rana a yi musu sata a inuwarsa ba. Na tafi ina ganin shi ne wawa.

Na koma ƙauyenmu da sarƙata. A bayan gari akwai wani tsohon kurkuku na zamanin Turawa, rufinsa ya rufta rabi, ciyawa ta cinye ƙofar. Lokacin shanyar citta ne, kowa ya baza tasa a kan duwatsu. Na riƙa kwasa ina ɓoyewa a can kafin in kai Kafanchan in sayar. Don kada kowa ya matso, da almuru sai in ja sarƙa in yi nishi cikin tulu. Waɗanda suka taɓa kallon majigin suka rantse cewa kukan iri ɗaya ne sak, kuma ba su yi ƙarya ba. Ba a jima ba hanyar ta mutu.

Mutum ɗaya ce ba ta guje ba, Mama Saratu. Ɗanta Bitrus ya taɓa satar akuyar maƙwabci tun ina ƙarami. Ita da kanta ta nuna rumbun da ya ɓuya, a zatonta bulala za a yi masa a sake shi ya yi hankali. Aka kulle shi a kurkukun nan, ciwo ya kama shi, ya mutu a ciki. Kowa a ƙauyen ya san labarin, ni ma na sani.

Wata yamma ina cikin kurkukun na ji tafiya. Mama Saratu ce ta tsaya ƙarƙashin wata 'yar taga da ƙwaryar tuwon acca, ta kira sunan ɗanta da yarenmu. Da na yi shiru, da ta gaji ta tafi. Amma na ji tsoron kada ta leƙo, ga kuma ƙanshin miya ina jin yunwa. Na sa baki cikin tulun na ce, "Mama." Na ji ƙarar gwiwoyinta a ƙasa. Abu ɗaya ta tambaya, ko ya yafe mata. Na ce na yafe, amma kada ta shigo, kada ta bar kowa ya shigo.

Daga ranar kullum sai ta kawo abinci, ni kuma in cinye. Dattawan ikilisiya suka ji tana kai wa matacce tuwo, suka sa ta a horo. Aka mai da ita bencin baya, aka hana ta jibin Ubangiji, aka ce ta ajiye zanen zumunta. Ko a jikinta. Matar da ta yi shekaru ba a ga haƙoranta ba, sai ga ta tana waƙa a hanyar rafi.

Fasto ya ga abin ya ishe shi. Ya kama hannunta da rana tsaka, dattawa na biye, don ya nuna mata babu kowa a ciki. Suka same ni ina barci a kan buhunan cittar mutane, tulu a gefena, ƙwaryarta a wanke. Dubuna ta cika. Alƙali ya aika ni gidan yari na gaske.

A can babu fatalwa ko ɗaya. Akwai kwarkwata, da gabza, da bokitin bahaya da mutum zai ɗauka a kansa da safe. Duk na jure wannan. Ranar da gandiroba ya ce ina da baƙuwa, na fito na ga Mama Saratu da ƙwarya, ranar ce na san an ɗaure ni. Gandiroban ya ce sai da Hausa za mu yi magana don ya ji, ita kuwa Hausarta ba ta nuna ba.

Ta ce, "Yaro na, citta ba damuwa na ba ne. Gaya mani gaskiya. Rana na farko, wanda ya ce ya yafe, kai ne ko shi ne?"

Na dube ta, na ga abin da take so in ce. Kalma ɗaya za ta mai da ita gida da farin ciki, kuma na iya faɗinta. Amma na gaji da ƙarya, ko kuwa dai na ji tsoron Allah, har yau ban tantance ba. Na ce, "Ni ne, Mama. Duka ni ne."

Ta ce, "To. Bai yafe ba ke nan." Ta tura mini ƙwaryar ta ce in ci kada ya huce, ta tafi.

Da aka sake ni na tarar ta rasu. Mahaifiyata ta ce an ɗage mata horon, ta koma bencinta da zanenta, amma ba a ƙara jin muryarta a waƙa ba. Na tsaya gaban ikilisiya na tuba, na koma gonar mahaifina. Mawaƙa sun neme ni na ce su yi haƙuri.

Ku matasa, daga tocila na fara, ina cewa ai mai ita ne ya yar. Kada ku raina ƙaramar sata, kuma kada ku yi wasa da tsoron mutane ko baƙin cikinsu don cikinku. Cittar da na kwasa na biya ta da shekaruna. Abin da na yi wa tsohuwar nan babu kotun da ta tuhume ni a kansa.

Duk damina nakan je in nome ciyawar kabarinta, in durƙusa in roƙe ta gafara. Ba na jin komai. Ni kuwa na fi kowa sanin cewa ko da na ji an amsa, wani ne a bayan bango da tulu.