Baƙin Man Motata Ya Daskare

Yau Talata. Ƙafafuna sun kumbura, amma tari ya lafa.

Ƙanwata tana kwance a Argungu, ina son zuwa dubiya, mota ta ƙi tashi. Bakanike ya buɗe injin, ya lakato baƙin mai, ya daskare kamar kwalta.

Na ce masa na karanta cewa a Amurka masu motoci sun haɗu sun kai kamfani kotu kan irin wannan.

Ya yi dariya. "Baba, wa za ka kai kotu? Yaushe rabonka da juye?"

"Sabo nake zubawa bisa tsohon."

"To, kai ka kashe ta."

Ku masu mota da ke karanta wannan, ko wankin inji zai tayar da ita?

Ya ce zai dawo da la'asar. Na jira a ƙofar gida har magariba, bai zo ba.